Mai Gudu da Takalmina

Litinin, 6 ga Yuni, 1977

Yau a fareti Samanja ya fasa ƙwan. Za a rage sojoji, wai mun yi wa gwamnati yawa tun da aka gama yaƙi. Farkon watan gobe likita zai auna kowa, sannan a yi gudu daga ƙofar bariki zuwa mararrabar Mando a dawo. Wanda ya kasa a miƙa masa takardar sallama, ya kwashe komatsansa daga ɗakin gwamnati. Yana faɗa yana shafa tumbi, shi da ko kaza ba zai iya kamawa ba.

Ni kuwa, Kofur Idris, ga ƙarfen bam a sharaɓar hagu tun yaƙin Anaca, ga ɗingishin da ko makaho zai gane ni da shi. Ga gadin dare a ɗakin makamai da aka maƙala mini tun kafin ruwan fari. Ga matata Hasana ciki ya tsufa. Ban iya noma ba, ban iya ciniki ba, tun ina saurayi bindiga kawai hannuna ya sani. In an sallame ni ina zan nufa? Tsoro nake ji, gara in rubuta shi a nan tunda ba zan faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 9 ga Yuni

Na je asibitin bariki da kaina tun kafin a kira ni. Likita ya ɗora ni a sikeli, ya ja fatar idona, ya leƙa bakina ya yamutsa fuska. Wai na rame, jinina ya yi ƙasa. In ci wake, in ci ƙwai, in sha madara, in yi barci isasshe, in bar goro. In bar goro! To da me zan riƙe ido a wurin gadi, da addu'arsa? Matsalar dai in na ci goro abinci ba ya shiga, in ban ci ba Garba abokin gadina ya same ni ina gyangyaɗi a kan bindiga.

Asabar, 11 ga Yuni

Na gwada gudun bayan an karɓe mu daga gadi da safe. Ko gidan mai ban kai ba na tsuguna ina haki. Wata mai ƙosai ta yi mini sannu, sannun da ya fi zagi ciwo.

Barcin safe ba ya yiwuwa a layinmu. Daka, injin niƙa, rediyon maƙwabci, rigimar mata a bakin famfo. Sai bayan azahar bariki yake yin tsit. Nan nake kwanciya, ba na farkawa sai rana ta yi ja. La'asar kullum a makare, Allah ya yafe mini.

Talata, 14 ga Yuni

Inna, mahaifiyar Hasana, ta zo daga Badarawa da fura. Ta tarar da ni ina miƙa gab da magariba. Ba ta dube ni ba, 'yarta ta yi wa magana, amma da ni take. Wai barcin da ya ƙetare la'asar ba na lafiya ba ne. Wai kurwar mutum yawo take fita in yana barci, kuma da rana in ta ga hanya fayau ba ta son komowa da wuri. "Ki dai kula, kada ki taɓa tashinsa a firgice." Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara girma. A raina na ce in kurwata tana da ƙarfin yawo, to ta taimaka ta yi mini gudun.

Furar ma kurɓa biyu na yi.

Juma'a, 17 ga Yuni

Saje Yusha'u, mai koya mana motsa jiki, ya tare ni bayan masallaci yana washe baki. Mutumin da bai taɓa yaba wa ko uwarsa ba. Wai ya gan ni jiya a hanyar Kawo, rana na dukan ƙeya, ina gudu ni kaɗai. "Haka ake so, Kofur. Amma ka riƙa shan ruwa, wannan rana ba ta wasa ba ce." Na ce ba ni ba ne, Saje, jiya war haka ina kwance. Ya ce ko a duhu ya san ƙeyata, balle ga tabon nan a sharaɓa.

Na yi dariya na wuce. Da na shiga ɗaki na jawo takalman kambas ɗina daga ƙarƙashin gado. Jar laka ce a jikinsu, ɗanya. Rabona da su tun Asabar.

Lahadi, 19 ga Yuni

Na tambayi Hasana a fakaice ko wani ya ari takalmina. Ta dube ni kamar na yi sabon harshe. Ta ce ai kwana da kwanaki ke nan nake tashi tana wanke-wanke a waje, in fita da singileti da gajeren wando, in dawo jiƙe sharkaf, in buɗe langa in cinye abin da ke ciki har in suɗe, in koma in kwanta. Ita har murna take yi, wai na fara jin maganar likita.

Na ce ina miki magana?

Ta ce a'a. Sallama ma ba na yi.

Langar babu ko ƙwayar wake a ciki. Cikina kuwa yana ƙugi kamar ban ci komai ba tun jiya.

Laraba, 22 ga Yuni

Tafiya cikin barci ce, ba wani abu ba. A fagen daga mun ga irinta, akwai wanda yake tashi ya goge bindiga tas ido a rufe. Haka na faɗa wa Garba, ya ce to in haka ne me ya sa kullum wandona yake ƙara yi mini yawa? Mai cin langar wake kullum ba ya ƙara huda a bel. Garba da shegen lura, kamar tsohuwa.

Na ƙara goro. Farin nan na Shagamu, mai ɗaci.

Asabar, 25 ga Yuni

Yau na ɗaure babban yatsana da igiyar shanya a ƙafar gado kafin in kwanta. Ƙullin soja, wanda ba ya kwancewa da ja. Na farka igiya tana nan yadda na bar ta, har ta yi mini shata. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, yau dai ban je ko'ina ba.

Sai na ga singileti a rataye a ƙusa tana ɗigar da gumi a siminti. Na shinshina. Warina ne.

Litinin, 27 ga Yuni

Ban rintsa ba yau, na zauna a bakin gado ina jira. Ba wanda ya fita, ba wanda ya shigo. Wake ya huce a langa. Na je gadi kaina yana juyawa.

Laraba, 29 ga Yuni

Hasana ta daina zama a ɗaki da rana, tana wuni wurin matar Garba. Na matsa mata, ta yi ta murza bakin zane kafin ta yi magana. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa buƙatar leƙa taga ba, daga nesa take gane tafiyata, ƙafa ɗaya ta taka ɗaya ta ja. "Amma na rana ba ya ja, Maigida. Daidai yake takawa."

Na daka mata tsawa, na ce ciki ne yake sa ta sambatu. Ta yi kuka. Ni ma da na fita bayan ɗaki sai da na jingina da bango.

Saje Yusha'u ya sake yaba mini. Wai yanzu har yaran da ba su ga yaƙi ba sai sun yi da gaske su kamo ni. Ban musa ba. Allah ya sani ban musa ba, har wani daɗi na ji.

Juma'a, 1 ga Yuli

Na je wurin liman da niyyar in faɗa masa komai. Na zauna, muka gaisa, ya tambayi mai ciki. Sai tunani ya zo mini: in ya yi addu'a abin ya tafi, wa zai yi gudun ranar Litinin? Ni da ko gidan mai ba na kaiwa?

Na ce masa addu'ar sauka lafiya na zo nema wa Hasana. Ya yi, na shafa, na tashi.

Lahadi, 3 ga Yuli

An ba mu hutun gadi saboda gobe. Hasana ta dafa ƙwai, ta dama koko da madara, na tsakura don kada ta ji haushi. Na wanke kambas na jingina su a bakin ƙofa. Zan ɗan kishingiɗa kafin la'asar, in tashi in miƙe ƙafa. Gobe ni zan yi gudun nan da kaina, ko da rarrafe ne.

Litinin, 4 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Kiran sallar azahar ne ya tashe ni. Azahar ta yau. Na yi tsalle ba takalmi, na fito, Hasana tana tsugune a jikin bangon waje da mayafi, ta ƙanƙame cikinta. Na ce don me ba ki tashe ni ba, kin kashe ni. Ta ce ai ta ga fitata da asuba, har ta bi ni da addu'a. Da ta dawo daga famfo ta shiga ɗaki ta tarar da ni a gado. Ta tuna maganar Inna, ta ji tsoron taɓa ni. Tun lokacin take waje.

Na ja ƙafa zuwa fili. An watse, sai masu kwashe tebura. Ina shirya ƙaryar da zan yi, Saje Yusha'u ya buga mini kafaɗa har na yi taga-taga. Wai ina cikin na gaba-gaba. Wai likita ya auna ni sau biyu don bai yarda da sikelinsa ba, ya ce bai taɓa ganin wanda ya murmure haka ba. Sai ya ja baya ya ƙare mini kallo, murmushin ya ragu. "Gudun ya zuƙe ka haka, Kofur? Ɗazu ba haka kake ba. Je ka ci abinci."

Da na juya, can wajen sito, na hango bayan wani mutum da singileti jiƙaƙƙiya yana shan kwana. Ƙeya tawa, tabo nawa, kafaɗu cike kamar lokacin da na shiga soja. Hanyar layinmu ya nufa, ba ya sauri.

Ban bi shi ba. Na zauna a gindin dalbejiya har inuwa ta juya. An bar mini kakina, an bar mana ɗakinmu, abin da na roƙa ke nan. To me ya sa nake jin kamar ni aka sallama?

Kambas suna bakin ƙofa da na dawo, an jera su daidai. Na gaji ƙwarai. Bari in kwanta kaɗan.

Lahadi, 10 ga Yuli

Lafiya lau. An cire ni daga gadin dare tun Talata, Saje ya ce in riƙa taya shi da sababbin yara. Ina kwanciya bayan isha, in tashi kafin ladan. Tuwo malmala biyu, da safe ƙwai da koko. Na tarar da goro a aljihun tsohon wando, ya bushe, na zubar. Ban san yadda mutum yake iya tauna abin nan ba.

Na duba shafukan baya. Mita ta yi yawa a ciki.

Hasana dai sai a hankali. In na dawo tana tambayar wane ne kafin ta buɗe, in ta buɗe ta ja mayafi ta rufe kai. A kwanon samira da take ajiye wa baƙi take zuba mini abinci, ta durƙusa ta ajiye ta fita. Gobe Inna za ta zo ta tafi da ita Badarawa, wai can za ta haihu. Na ce to.

Garba ya tare ni da yamma, yana magana yana kallon ƙafafuna. Wai tunda an cire ni, me nake zuwa yi ɗakin makamai kullum? Wai in zo in zauna a lunguna na da, ina tauna goro, ba uhm ba uhm-uhm, da asuba in tashi ina jan ƙafa. Wai na zama kamar sillen kara, har hasken fitila yana neman ratsa ni. Shi dai abin ya ishe shi, zai kai wa Samanja magana.

Na roƙe shi kada ya kai. Na ce ka bar shi ya zauna, Garba, ba ya cutar da kowa. Bai iya wata sana'a ba, kuma ba shi da inda za shi.

Gobe akwai gudu da sassafe. Ƙafa ba ta ciwo.