Keken Guragun da Siphelo Ya Aro

Zuwa ga ƙanwata Nomvuyo, a Lusaka.

A wannan wata na cika shekara sittin da tara, kuma har yau ban karɓi tausayin kowa ba, saboda haka kada ki fara. Bayan wannan, ina gaishe ki gaisuwar 'yan'uwantaka, ina roƙon Ubangiji Ya sassauta miki ciwon gwiwa, Ya ƙara wa maigidanki lafiya. Mu nan Mdantsane ƙalau muke. 'Yata Zoleka ta sauka lafiya, an samu mace.

Na san ɗanki Siphelo zai so ya riga ni kai ƙara, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kamfaninsa ya samu kwangilar wanke zannuwan asibitin gwamnati, bisa sharaɗin ya ɗauki tsofaffin mayaƙa da masu naƙasa aiki. Sai ya tuna yana da yayar uwa wadda ta haɗa duka biyun. Ya zo da daɗin baki yana ta kirana inna da yarenmu, Makazi kaza, Makazi kaza, na sa hannu ina murna, a zatona shekaru talatin da na yi ina aikin jinya yake bukata. Ashe sunana kawai yake so. Ya ce in huta a gida sai ranar da masu duba ma'aikata za su zo.

Ranar ta zo, na isa na tarar da keken guragu da ya aro daga coci. Wai ƙafar roba ba ta fitowa a ƙarƙashin dogon siket, kuma tafiyata ta cika kyau, ba za su gaskata ba. Nomvuyo, ke kika yi jinyata a Angola bayan nakiya ta ɗauke ƙafar nan. Kin san daɗewar da na yi ina koyon tafiyar da yau ta zama laifi. Ofishin kuwa a bene yake, har ya tanadi ƙarti biyu su ɗaga ni da keken kamar buhun masara. Na hau matakalar da kaina, na ce masa: "Yaro, na bar ƙafa ɗaya a daji, ba zan bar ɗayar a kekenka ba."

Masu dubawa suka rubuta sunana suka tafi. Shi kuwa ya yi ta roƙona in yi shiru, wai in asiri ya tonu, kwangila ta tafi tare da abincin mutum talatin. Ban musa ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mafitarsa ɗaya ce: mai sunan ta zo aiki.

Ki gaishe mini da maigida Mutale, da 'yarki Chileshe da yaranta. Lallashi kuma, kada ki wahalar da kanki. Tun Litinin nake bakin aiki ƙarfe bakwai, ni ke raba zannuwan ɗakin haihuwa da na masu tarin fuka, waɗanda aka saba cuɗawa. Na kuma rubuta wa ofishin kwangila su zo duk ranar da suka ga dama, ba sai sun sanar ba. Wasiƙar ta riga ta tafi.

Yayarki,
Nontsikelelo