Kawunan Jatan Lande

Litinin, 3 ga Yuni
Marilou ta iso daga Winnipeg, can ƙasar waje inda take zaune. Ƙanwata da na goya, yanzu wai "Lou" ake ce mata. Ta kama hannun Nanay, mahaifiyarmu, ta kai goshi don gaisuwa kamar mai taɓa kayan aro. Ko zama ba ta yi ba ta fara mita: zafi, sauro, ruwan famfo. A nan Calumpit fa aka yanke mata cibiya. Ta zo ta tafi da Nanay ne, wai likitocin can sun fi. Ni da na shekara da shekaru ina yi wa tsohuwar nan wanka, ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 5 ga Yuni
Yau karatun jirgin sama muka sha. "Nanay, ki dinga shan ruwa. Ki zauna a kujerar gefen hanya, ki dinga tashi kina takawa. Ban da gishiri." Har da wata safa mai matse ƙafa da ta kawo wa Nanay don tafiyar, launin toka, mummuna. Na ce wadda ta haifi 'ya'ya a kan tabarma ita za a koya wa zama? Ta ce, "Ate Perla," wato Yaya Perla, "ke ko zuwa Manila a mota amai kike yi." Mtsw.

Alhamis, 6 ga Yuni
Safar na nan a kan firji. Ba ni zan ɗauke ta ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Daga coci na biya bakin kogi, na samo ulang a wurin Mang Isko masunci, jatan lande manya masu shuɗayen hannuwa, suna motsi. Gimbiya Marilou ta ce ita za ta dafa, don Nanay ta ga ba za ta rasa komai a can ba. Na ba ta wuri. Citta, tafarnuwa, madarar kwakwa, kabewa, zogale, duk daidai, ban ƙi ba. Sai da aka zuba na gani. Ta yanke kawunan ta zubar! Kitsen kan nan da ke mayar da miya ja, shi ta ba magen maƙwabta. Wai a can haka ake sayar da su, fes, a leda. Miya fara sol kamar ruwan wanki.
Nanay ta juya cokali, ta ce, "Ina kawunan?" Ta ture kwanon. Na ci shinkafata da daɗi, har ƙari na yi.

Talata, 11 ga Yuni
Na ce wa Nanay ta faɗa wa Marilou ba ta zuwa. Ta ce, "Perla, ina son in ga jikokina kafin idon ya ƙarasa." Shi ke nan. Ashe ni kaɗai nake yaƙin.

Alhamis, 13 ga Yuni
Na shiga ɗaki neman almakashi na tarar da Marilou ta ɗora ƙafa a kan matashi. Jijiyoyi ruɗu-ruɗu, idon sawu a kumbure. Ta ja zani ta rufe. Gidan tsofaffi take aiki, a tsaye take wuni tana ɗaga iyayen wasu. "Na gaji da ɗaga na mutane, Ate. Ki bar ni in ɗaga tawa." Na ɗauki almakashina na fita. Wa ya aike ta tun farko?

Asabar, 15 ga Yuni
Gobe za su tashi. Na sake sayo ulang. Na tsayar da Marilou gaban murhu, don ba zan bari a kashe uwata da ruwan wanki ba. A bar kai a jiki, gashin baki kawai ake datsewa. A danne kawunan da bayan ludayi har man ya fito. Ta ce a can akwai shagon da ke kawo masu kai, da nisa, amma za ta je. Nanay ta tsotse uku. Babban ya faɗa kwanon Marilou, hannuna ne ya kuɓuce. Ta tsotsa, miya har gwiwar hannu, kamar lokacin tana yarinya.

Lahadi, 16 ga Yuni
Safar nan wuyar sawa gare ta, sai da na durƙusa na sa wa Nanay. Na ce wa Marilou ta dinga tayar da ita tana takawa, kuma ta ba ta ruwa ko ba ta nema ba. Ta ce to, Ate.
Da rana, bayan sun tafi, na auna shinkafar mutum uku. Mantuwa ce.