A Faɗi Sunan Sagiru a Rediyo

Ƙofar Guga, Katsina
Mayu, 1999

Aminina Ɗanliti,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Kaduna, yaya Ladi da yara, yaya ciwon ƙugun nan naka? Mu nan kowa lafiya, in ka cire ni. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu muka rabu da boko, kuma boko ya fi ni murna.

Maganar ɗanka Sagiru ce, yaron nan nawa. Shi ne golan kwalejinsu, kuma sun kai wasan ƙarshe na kofin makarantu. Ba ka ji ba ko? Ai ba wanda ya ji. Wasan da ya wuce mu uku muka kalla: ni, da Dije mai gyaɗa, da wani bunsuru, shi ma bai jira an tashi ba. Ni da na sha farke mashi ƙwallo da almakashi, yau ni ne shugaban magoya baya, ni ne mataimaki. Ni na ɗinka masu riguna, na yi mashi safar hannu da ragowar fatar kujerar mota.

Ga abin da ya hana ni sakat. Wani mutum na ta hure mashi kunne, wai su bi ta Agadas su tsallaka Libiya, can ake ganin ɗan wasa. Ka san yaran Ƙofar Marusa da suka bi hanyar nan, har yau iyayensu na ba da sadaka, ba su san ta mai rai ce ko ta mamaci ba. Na roƙe shi har na ji kunyar gemuna. Ya ce in suka ci kofi aka faɗi sunansu a rediyo, ko wani kulob zai ji, to zai zauna.

Na san direba ne kai a gidan rediyo, ba kai ke magana ba. Amma kai ke tuƙa masu maganar. Ka kashe mota, ka ce ba ta tashi sai sun yarda. Don Allah, Ɗanliti.

Sabuwa, uwar Sagiru, na gaida Ladi.

Naka,
Babaji Tela


Yuni, 1999

Ɗanliti,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙugu ya yi sauƙi. Na ga saƙonka cewa ka yi magana ba a saurare ka ba. Na gode duk da haka.

Sun ci kofin, biyu da nema. Sagiru ya kaɗe fenariti, na yi tsalle har wandona ya yage, ni tela. Ɗan jarida ko ɗaya bai zo ba, duk suna wajen rantsar da sababbin shugabanni. Soja sun koma bariki, mun gode Allah, amma yanzu rediyo daga taya murna sai taya murna.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ɗauko sanƙira mai shela, na ɗora kofin a ka, muka zaga daga Ƙofar Guga har Ƙofar Ƙaura. Jama'a suka biyo mu yuu, sun ɗauka kansila ne zai yi rabo. Da suka ji ƙwallo ce suka watse. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko sayar da kwanon nake. Sagiru na tsaye bakin lungu ya ga komai. Tun ranar bai haɗa ido da ni ba, abinci ma sai uwarsa ta yi kuka yake taɓawa.

Ga katin gaisuwa nan na sa a ciki, irin wanda ake karantawa a filin gaishe-gaishe, tunda shi kaɗai ya rage wa talaka. Na jera sunayen 'yan wasan duka da sakamakon wasan. Ka miƙa shi hannu da hannu. Ka yi sauri, na ga yaron ya wanke jakarsa ya shanya.

Babaji


Yuni, 1999

Ɗanliti,

Ina gaisuwa. Allah ya saka maka, ya raya su Ladi.

An karanta. Na ji da kunnena, har da biyu da nema. Layin teloli duk aka tsai da keke, Dije ta yi guɗa, mutanen da suka watse ran nan suka zo suna ba ni hannu, wai ashe ɗana shahararre ne.

Shahararren bai ji ba. Ya tafi tun Laraba. Safar hannun na tarar a kan kekena, ya ninke ta da kyau, abin da bai taɓa yi wa rigarsa ba. Na je tasha, na je Jibiya, an ce motarsu ta wuce Maraɗi.

Direbobi sun ce rediyonku na kamawa har Agadas, kowace babbar mota da ita ake tafiya. Ga wani katin. Kada a ce ya dawo, in aka ce haka gaba zai ƙara, halina ya ɗauko. A faɗi sunansa kawai, da na kwalejin, da biyu da nema. A ce babansa na gaishe shi, kuma safar na nan an sake mata ɗinki.

Sati mai zuwa zan aiko wani. Ka ce masu su saba da rubutuna.

Naka,
Babaji, baban gola