Ma'aunin Firdausi

Highbridge, Janairu 2014

Yaya Laminu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi. Hitar gidanmu, na'urar ɗumama ɗaki, ta lalace tun watan jiya, mai gidan kullum sai ya ce gobe. Muna kwana ɗaki ɗaya da yaran, muna lallaɓawa.

'Yarka Firdausi aka ba aiki a lakwal, wato makaranta, kan wani masanin ƙasar Suwidin, Selsiyus, wanda muke auna zafi da sunansa a gida. Ashe shi ɗari ya sa wa ƙanƙara, sifili wa tafasasshen ruwa, sai bayan rasuwarsa 'yan'uwansa masana suka juya lissafin. Na sayo mata ma'aunin zafi a wani shago a Fordham Road. Ta yi bayani gaban aji har aka tafa mata, sai ta ƙara da cewa, "Yau da safe ɗakinmu digiri bakwai ne."

Malamarsu ta kai magana gaban hukuma, cewa yara na kwana cikin sanyi. Ran Litinin ma'aikatan kula da yara za su zo duba gidan, kuma ka san takarduna na zama ƙasar nan ba su fito ba. Maƙwabcinmu Tamimu ya ce mai gidan za su kama, ba ni ba. Allah ya sa.

Jiya ta tambaye ni, "Baba, na yi laifi?" Na ce a'a, gaskiya kika faɗa.

Kada Inna ta ji. A sa mu a addu'a.

Ƙanenka,
Sanusi