Na Ce Wa Inna Gada Zan Gina, Alhali Kwas Ɗin Kwance Bam Zan Tafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a sakaye sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, saura kwana tara na koma bariki kuma kaina ya kulle.

Ni soja ne, shekara shida ina aikin direba. Ɗan wani ƙauye ne ni a wajen Bagwai, da fartanya na tashi. Marigayi Babanmu in ya kalli ƙasa zai gaya maka gafiya ce ta tona ko mutum, jiya ne ko yau da safe, kuma wannan idon ne kaɗai gadon da na samu. Da aka kai mu arewa maso gabas sai ya zame min jaraba, ina tuƙi idona yana ƙasa. Sau biyu ina tsayar da kwambar motocinmu saboda na ga wurin da ban yarda da shi ba, aka duba babu komai. Ogammu ya wanke ni tas a gaban kowa, ya ce in noma nake marmari na koma ƙauye. Daga ranar sunana ya koma Sarkin Noma.

Ran da abin ya faru da hantsi ne, motata ce a gaba. Na hango wani wuri a kan hanya bai fi faɗin faifai ba, ƙasarsa ta ɗan fi ta gefe duhu, kamar an shafe ta da tafin hannu. Wallahi na gani. Har na kai hannu kan rediyo, sai na tuna dariyar da aka yi min, na fasa. Na ɗan murza sitiyari na kauce, yadda mutum yake kauce wa shukar maƙwabci. Motar da take bina abokina ne yake ja, bari na kira shi Ɗanlami, ɗan wajen Shanono ne, Kirista, in azumi ya zo shi yake ajiye min abincin buɗa baki. Shi bai kauce ba, bam ya tashi da motarsa. Su uku ne a gaban motar, babu wanda ya fita. Ban taɓa gaya wa kowa cewa na ga wurin nan ba sai yau.

Bayan nan na cike fom na nemi a mayar da ni ɓangaren injiniyoyi, wajen masu nemo bam su kwance. An amince, an yi min gwajin lafiya, aka ba ni fas na hutu na zo gida kafin a fara kwas. Kullum da safe ina gudu har bakin rafi, in na dawo na zauna ina zura zare a allurar Innarmu don na ga ko hannuna yana rawa. Ita kuwa murna take, wai soja ya koya min hankali.

Matsalar ita ce Inna. Na ce mata an mayar da ni injiniya, ta tambaye ni me suke yi, na ce hanyoyi da gadoji. Tsohuwar nan mai hawan jini sai da ta yi sujada. Ta soya waina ta raba sadaka, ta bi gida gida tana cewa Allah ya cire mata auta daga bakin wuta. Ta dafa kaina ta ce Allah ya sa duk gadar da na gina ta zame min sadaka mai gudana. Na ce amin, amma ji na yi kamar na saci abu a ɗakinta.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka, muka fita gona. Yayana yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya da ƙwaryar gero, aikina na zuba iri na tura ƙasa na take da diddige, abin da nake yi tun ban san kaina ba. Na zuba a ramin farko, na ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi sauka. Ɗanyar ƙasar nan mai duhu kawai nake kallo, kunnena yana kuka, gumi yana zuba. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba sai da Yaya ya girgiza ni.

Ya tsare ni a gindin ɗorawa sai da na faɗa masa gaskiyar kwas ɗin. Ranar na ga ɓacin ransa. Ya ce na cuci tsohuwa, albarkar da aka karɓa da ƙarya ba albarka ba ce, kuma mutumin da ya kasa taka ramin gero ina shi ina bam. Ya tambaye ni wai aiki nake nema ko mutuwa. Yanzu ya ba ni zuwa Juma'a, ko na gaya mata ko shi ya gaya mata.

Na san Inna, in ta ji, cewa za ta yi ba ta yarda ba, kuma ban taɓa tsallake maganarta ba. In kuma na fasa, ban san inda zan kai alhakin Ɗanlami ba, don har yanzu in na kalli madubin mota shi nake gani yana bina. Yau da safe Inna tana ƙulla min yaji da kuka take ce min, in na ƙware na fara da gadar rafinmu, mata suna shan wahala da damina.

Malaman cikinmu, albarkar nan tana kaina ko ba ta kaina? Iyaye mata, in ɗanku ne, gara ku sani ko gara a bar ku da murnarku? Na gaya mata na haƙura da duk abin da ta yanke, ko na roƙi Yaya ya rufa min asiri na tafi? Ni dai na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da ya haifar.