Na Ari Uban Maƙwabciyata Na Ba Jikata

Assalamu alaikum 'yata mai shafi, da ku masu karantawa. Ni ban yi boko ba, murya na turo, ita ta rubuta yadda na faɗa. A sakaya sunana. Kuma kafin a fara zagina a bari in gama, don na haifi iyayen wasunku.

A unguwar Erdington nake zaune, gidan ɗana na fari, likita ne a nan Birmingham. A Kano an san ni da labari, in na buɗe baki a tsakar gida har maƙwabta leƙowa suke. Nan kuwa in na ce ga ta nan ga ta nanku sai jikoki su zaro waya. Abokiyar hirata ɗaya ce, wata tsohuwa Ba'indiya da muka haɗa katanga, ina ce mata Didi. Turancina guntu ne, amma Indiyancin da na tsinta a fim tun ina amarya ya yi mini rana. Da shi da nunin hannu muke hira.

A haka ta ba ni labarin babanta. Ɗan mai sayar da yadi ne, ya bar makarantar Turawa, ya kwaso yadin Ingila daga shagon ubansa ya cinna masa wuta a bakin kasuwa. 'Yan sanda suka karya masa yatsu biyu da kulki, aka kai shi gidan yari, a can ya zauna yana kaɗin zare da sauran yatsun don kada ya sake sa tufar Bature. Da suka sami 'yanci aka zaɓe shi majalisa, ya ƙi motar gwamnati, ya ɓata da jam'iyyarsa a kan gonakin talakawa, ya ajiye kujerar ya koma ƙauye, a can ya rasu. Tana faɗa tana hawaye.

To, jikata, takwarata, 'yar ɗan nan nawa, tana uni, wato jami'a, a Manchester, tarihi take karanta. Ta zo hutu ta tsare ni a kicin. "Kaka, babanki me ya yi lokacin da British suke Kano?" Me zan ce mata? Babana kukun Bature ne. Mutumin kirki, da guminsa ya ciyar da mu, amma aikinsa ke nan, dafa wa Bature abinci. Yarinyar da ba ta taɓa ajiye waya don maganata ba, ga ta ta zuba mini ido. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya tafi. Na ɗauko baban Didi na sa masa riga da hula, na dasa shi a kasuwar Kurmi. Wutar yadin, yatsun, kaɗin zaren, majalisar, ban rage komai ba. Har kuka ta yi.

Abin da ke ƙona mini rai, a wurinmu labari in ka ji shi ka gyara shi ka ba wani, wa ke bin sawunsa? Wa ya ce ta ɗauki muryata? Wa ya ce ta kai wa malamanta? Yaran nan komai sai sun rubuta.

Ranar Lahadi ta kira ni daga flat ɗinta, masaukinta a unguwar Hulme can Manchester, ranta a ɓace. Wai wani ɗalibi Bakano ya karanta labarin da ta rubuta ya fashe da dariya, ya ce, "Namiji da kaɗi? A Kano? Mazari ai na tsofaffin mata ne, maza saƙa suke yi." Kun ga inda na tafka ta. Ni da na girma da abawa a hannu, na manta wannan. Ta ce, "Na ce masa my Kaka doesn't lie. Ko ba haka ba, Kaka?" Na ce, "Rabu da shi, yaron jiya ne." Na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko.

Yanzu ranar Asabar za ta tsaya gaban taro a jami'arsu a Manchester ta ba da labarin, da hoton babana a bango. Ubanta ya ɗauki hutu don ya kai mu, shi ma ya yarda, har yana cewa me ya sa ban taɓa gaya masa ba. Kuma don ta faranta mini, ta gayyato Didi, wai ƙawata ce ɗaya tilo. Jiya Didi ta leƙo ta katanga tana nuna mini farin sarin da za ta sa, tana cewa ashe iyayenmu duka jarumai ne, me ya sa na ɓoye mata. Tana jin yatsu biyun nan za ta gane ubanta.

In na faɗa yanzu, na kunyata yarinyar gaban malamanta da wannan ɗalibin. In na yi shiru, Didi za ta zauna a gefena ta ji an ba wani ubanta. Shi kuma nawa uban, da ya tsaya gaban murhu har idonsa ya lalace don mu ci, ko sunan aikinsa na kasa faɗa.

Ban taɓa ba ƙaramin yaro haƙuri ba a rayuwata. Asabar kuwa jibi ce. Me zan yi?