Sabon Teburin Sito

Talata, bayan isha'i, Azare.

Yau maigidanmu Alhaji ya kawo sabon tebur sitonmu, na ƙarfe, mai taya, tsayinsa daidai ƙugu. Tsohon na katako, wanda muke duƙawa kansa muna ɗaure kwalayen sabulu, an fitar da shi waje.

Gaskiya yau bayana bai yi ciwo ba. Igiya da almakashi kowanne da maratayinsa, babu neman komai. Kayan garin Chinade da kan kai mu la'asar, kafin azahar mun gama lodinsu.

Abin da ya tsaya mini a rai kallon Alhaji ne. Mu huɗun da ke aikin siton yake bi da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam Sale, ashe aikin bai da yawa haka?" Na ce, "Albarkar tebur ce, Alhaji." Murmushi kawai ya yi.

Mutumin da muka shekara muna roƙo ya gyara ƙafar tsohon tebur ya ƙi, yau tausayin bayanmu ya kama shi? Ruwa ba ya tsami banza. Na auna teburin nan da ido, wajen mutum uku ne, kuma ni ne mai furfura.

Gobe a hankali zan riƙa ɗaure kwalina.